Turke ko Iska: Wanne Sabon Dashe Ya Fi Buƙata?

Duk wanda ya bi ta titin da aka yi wa sabon dashen itatuwa, ko harabar makaranta, ko sabon rukunin gidaje, ya san abin da zai gani: ƙananan bishiyoyi a jere, kowace an kafa mata sanda a gindi, an ɗaure ta tamau da igiya ko waya tun daga ƙasa har kusa da kai. Mai dashen da kyakkyawar niyya ya yi. Yana so ta tashi a miƙe, yana kuma tsoron kada iskar farkon damina ta kwantar da ita. Tun muna yara muke jin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ba mai ganin laifin ɗaurin. Wanda bai ɗaure ba ma shi ake yi wa kallon malalaci.

Sai dai masu nazarin itatuwa sun daɗe da gano akasin haka. Mafi yawan ƙananan dashe ba su buƙatar turke, kuma bishiyar da aka ɗaure ta hana ta motsi takan tashi da rauni fiye da wadda aka bari iska na wasa da ita. Akwai inda turke ya zama dole, za mu zo wurin. Amma ko a can, abin da ake son riƙewa saiwa ce a cikin ƙasa, ba gangar jikin bishiyar ba. Wannan bambanci shi ne gaba ɗayan maganar, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Maganar ba ta yau ba ce. A 1803 wani masanin lambu a Ingila, Thomas Andrew Knight, ya ba da rahoton gwajin da ya yi da ƙananan itatuwan tuffa. Ya ɗaure su ta yadda ɓangaren ƙasa na gangar jikinsu, kamar ƙafa 3, ba ya motsi ko kaɗan, na sama kuwa ya bar wa iska. Da lokacin girma ya wuce sai ya tarar inda ke kaɗawa ya ƙara kauri sosai, inda aka ɗaure kuwa, har da saiwoyin da ke ƙarƙashinsa, da ƙyar suka ƙaru. Ya sake ɗaukar guda ɗaya ya ɗaure ta yadda ba za ta iya kaɗawa ba sai kudu da arewa. Gangar jikinta ba ta fito a zagaye ba: idan kaurinta ta kudu da arewa 13 ne, ta gabas da yamma 11 ne. Wato bishiyar ta zuba itace daidai ta inda ake lanƙwasa ta.

A 1954 wani masanin gandun daji a Ostareliya, M. R. Jacobs, ya wallafa sakamakon irin wannan aiki da manyan itatuwan katako. Ya ɗaure wasu da wayoyi don kada su kaɗa, ya bar wasu. Waɗanda aka bari sun fi kauri a gindi, saiwoyinsu ma sun fi ƙaruwa. Waɗanda aka ɗaure kuwa, bayan shekara 2 kacal, ba su iya tsayawa da kansu a iskar da 'yan uwansu ke sha kullum. Sannan a 1971 Neel da Harris na Jami'ar Kaliforniya da ke Davis suka nuna cewa ba wani motsi mai yawa ake buƙata ba. Suna girgiza ƙananan bishiyoyi na sakan 30 a rana, rabin minti ke nan, sai tsawon da suka ƙara ya tsaya a kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda ba a taɓa ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ai wannan hasara ce, girgiza ta hana bishiya tsawo. A nan ne idonmu ke yaudararmu. Tsawo shi muke gani daga nesa, shi muke nuna wa baƙo, shi ake ɗauka a hoto. Ita kuwa bishiya abincin da ganyenta ke haɗawa ƙayyadadde ne, dole ta raba shi tsakanin tsawo da kauri da saiwa. Abin da ke gaya mata yadda za ta yi rabon shi ne lanƙwasar da take sha. Duk lokacin da iska ta tura ta, gefe ɗaya na gangar jikin yana miƙewa, ɗaya gefen yana matsewa, kuma ƙwayoyin jikinta suna jin wannan. A 1990 Janet Braam da Ronald Davis a Jami'ar Stanford suka gano wasu ƙwayoyin gado a tsiro da ke farkawa cikin rabin awa idan an taɓa shi, ko iska ta kaɗa shi, ko ruwa ya zuba masa. Saƙon da ke isa ga bishiya shi ne ta rage gudu zuwa sama, ta ƙara kauri a ƙasa. Idan an ɗaure ta, saƙon ba ya zuwa. Sai ta ɗauka tana wurin da babu iska, ta zuba komai a tsawo da ganye.

Abin da ke fitowa daga nan shi ne bishiya zanƙaleliya, kaurinta a gindi kusan ɗaya da kaurinta a wuya, ga kai ya yi nauyi. Lafiyayyar bishiya kuwa gindinta ne mai kauri, tana sirancewa a hankali zuwa sama, ta yadda idan iska ta zo duk jikin ne ke raba nauyin. A dubi tsamiya ko kaɗanyar da ta tashi ita kaɗai a tsakiyar gona, sannan a dubi turaren da aka dasa a cunkushe don samun sandunan rufi. Na biyun ya fi tsawo nesa ba kusa ba, amma da zarar an sare na kewaye da shi, iska ɗaya ta ishe shi.

Ɗaurin yana da wata illar da ba ta jira sai an kwance. Bishiyar da aka ɗaure a sama, kusa da kai, ba ta da damar lanƙwasa gaba ɗayanta, don haka duk ƙarfin iskar yana taruwa a wuri guda, daidai kan igiyar. Shi ya sa bayan guguwa za a ga turke na nan tsaye daram, gangar jikin na ɗaure da shi, kan bishiyar kuwa ya ɓalle daga wurin ɗaurin. Ga kuma gugar da sanda ke yi wa ɓawo idan suna manne da juna, ciwon da ke buɗe wa ƙwari da ruɓa ƙofa. Har ila yau gefen da sandar ta yi wa inuwa yakan fi ɗayan tsawo, sai bishiyar ta riƙa karkata tana guje wa sandar. An ɗaure ta don ta miƙe, ranar da aka kwance sai ta langaɓe.

Mafi muni shi ne shaƙewa. Abincin da ganye ke haɗawa yana sauka zuwa saiwa ne ta wata siririyar hanya da ke ƙarƙashin ɓawo, kuma a nan ne bishiya ke ƙara kauri kowace shekara. Duk wanda ya ga maɗacin da masu sassaƙe suka zagaye ɓawonsa gaba ɗaya ya san ƙarshensa: zai yi ɗan lokaci da ganyensa, daga baya ya bushe a tsaye, domin saiwa ta mutu da yunwa. Waya ko igiyar roba mai tauri aikin da take yi ke nan, sai dai a hankali. Ita ba ta ƙaruwa, bishiya kuwa tana ƙaruwa. Alamar farko ita ce kumburi a saman ɗaurin, inda abinci ya zo ya rasa hanyar wucewa. Dogon yaro da turare da zogale, da yake suna da saurin girma, damina ɗaya ta isa waya ta nutse a jikinsu. Ko bishiyar ta rayu ta haɗiye wayar, wurin ya zama mararrabar karaya har abada.

To idan haka ne, daga ina al'adar ta samo ƙarfi? A ganina wani ɓangare nata kwaikwayo ne. A biranen Turai da Amurka akan dasa bishiyar da ta riga ta fi mutum tsawo, an tono ta daga gonar reno an yanke mafi yawan saiwoyinta, wani lokaci ma babu ƙasa a jikinsu. Irin wannan dole a riƙe ta. Mu kuwa abin da ake rabawa a wuraren renon gwamnati da na 'yan kasuwa dashe ne na cikin leda, mai watanni kaɗan, tsawonsa daga gwiwa zuwa ƙugu, saiwarsa cikakkiya da ƙasarta. Iska ba ta da abin kamawa a jikinsa. Ta lanƙwasa shi ya taɓa ƙasa, ta wuce ya tashi. An ɗauko maganin babbar bishiya ana ɗura wa ƙarama.

A Kwarin Majiya da ke yankin Buza a jihar Tawa ta Nijar, tun daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki, tare da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE. Babbar damuwar aikin a shekarun farko ita ce dabbobi, har sai da aka sa masu gadi. Kuma hankali ma zai ba da haka: bishiyar da aka dasa musamman don ta tsaya gaban iska, ba a raine ta ta hanyar ɓoye ta daga iska. A yankin Maraɗi kuma, daga 1983, wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman da ya yi aiki da su suka yaɗa dabarar rainon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona, a zaɓi mai kyau a sassabe sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin bishiyoyi miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram. Abin da ya tsayar da su shi ne tsohuwar saiwar da ta riga ta yi nisa cikin ƙasa. Haka gawo ke yi idan ya tsiro daga iri: sai ya fara tura uwar saiwarsa ƙasa tukuna, yana nan ɗan tsirit a sama kamar ba ya girma.

Abin da ke kashe dashe a ƙasarmu, idan za a faɗi gaskiya, akuya ce da ƙishirwar rani da gara da wutar daji, sai kuma fartanyar mai noma da bai lura ba. Iska tana can baya a layi. Saboda haka ya kamata a raba abubuwa uku da ake cakuɗawa. Akwai turken ɗauri. Akwai kariya, wato shingen ƙaya ko na kara ko ragar waya ko bulo da ake zagaye dashe da shi. Akwai kuma sandar alama, wadda ake kafawa a gefe don mai huɗa da shanu ko mai tura baro ya san akwai abu a wurin. Na biyu da na uku kusan kullum suna da amfani. Kuskuren da ake yi shi ne da an kafa sandar alama sai hannu ya yi ƙaiƙayi a nemo igiya.

Ita ma kariyar tana da nata tarkon. A 1979 Graham Tuley, wani ma'aikacin gandun daji a Birtaniya, ya ƙirƙiro bututun roba da ake zura wa ƙaramin dashe don kare shi daga barewa da zomo. Dashen yana tashi da sauri a ciki, amma sirit, domin babu iska, har sai an bar masa bututun da sandarsa na wasu shekaru bayan kansa ya fito waje kafin ya yi ƙwarin tsayuwa. Irin haka ke faruwa da mu idan aka kifa wa dashe ganga, ko aka gina masa bulo a matse babu ƙofar iska, ko aka naɗe shingen da buhu ruf. Yana leƙowa sama sai ya faɗa kan bakin gangar, ƙarfen ya yanke shi. Idan za a gina bulo a bar tagogi tsakaninsu, a kuma buɗa shi yadda dashen zai kaɗa ba tare da ya bugi bango ba. Ragar waya da shingen ƙaya sun fi dacewa ta wannan fuska, tun da iska na ratsa su.

Yanzu ga inda turke ke da hujja. Na farko shi ne babbar bishiyar da aka tono aka sauya wa wuri, ko wadda ta daɗe a buhu ko bokiti har ta kai mita 2 ko fiye, irin waɗanda masu sababbin gidaje da otal-otal a Abuja da Kano da Kaduna ke saye don su samu inuwa da wuri. Kanta babba, dunƙulen saiwarta ƙarami. Iska na tura kan, dunƙulen na juyawa a cikin rami, kuma duk juyawa ɗaya tana tsinka ƙananan saiwoyi masu laushi da suka fara shiga sabuwar ƙasa. Waɗannan saiwoyin su ne masu shan ruwa. Bishiyar za ta yi ta yaushi ana ta ban ruwa, ba a san cewa matsalar motsin gindi ba ce. A nan kuwa motsi ba horo ba ne, ɓarna ce.

Ƙasa ma tana da ta cewa. Jigawa mai rairayi, da zarar ta sha ruwan sama mai yawa, ba ta riƙe komai, kuma ruwan da iskar tare suke zuwa. Haka bakin fadama da ke jiƙewa ya yi laushi, da gangaren tudu, da lungun da ke tsakanin dogayen gine-gine inda iska ke matsewa ta ƙara gudu. Sai dashen da aka raina a cunkushe ƙarƙashin rumfa ya yi tsawo babu ƙwari. Wannan da an bar shi a wurin mai sayarwa ya fi, a zaɓi gajere mai kaurin gindi ko da bai cika ido ba, amma idan an riga an saya sai a taimake shi. Sai kuma mangwaro ko lemo mai aure, wanda mahaɗarsa ba ta gama kamawa ba. Iska ko tsuntsun da ya sauka a kan sabon tohon na iya ɓalle shi daga mahaɗar, don haka 'yar siririyar sanda na ɗan lokaci ba laifi ba ce.

Ba sai an yi ta canki-canki ba, hannu zai faɗa. Bayan an dasa an danne ƙasa an ba da ruwa, a kama gangar jikin a kaɗa ta a hankali ana kallon gindi. Idan gangar ce ke lanƙwasa ƙasa na nan shiru, a tafi a bar ta. Idan ƙasar ce ke ɗagawa, ko tana tsagewa, ko wani ɗan rami na buɗewa a kewayen gindin, saiwa na buƙatar riƙo. Wanda kuma ya langaɓe da kansa, a riƙe shi daga ƙasa a riƙa jan hannu sama har a kai inda kan zai miƙe. A ɗaure kamar santimita 15 sama da nan, kusan taƙi guda, kada a wuce.

Inda gindi kawai ake son riƙewa, ɗaurin ba ya buƙatar wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawon bishiyar. Kashi biyun da suka rage na iska ne. Turke biyu sun fi ɗaya, a kafa su a wajen dunƙulen saiwa cikin ƙasar da ba a tona ba, bishiyar na tsakiya. Turken da aka buga a jikin gindi bayan an gama dashe yakan ratsa saiwoyin da ake neman ceto. Idan ɗaya ne kawai ake da shi, ko dai a kafa shi a ramin kafin a sa dashen, ko a buga shi a karkace daga waje, kansa na fuskantar inda iska ke fitowa. Bayan an ɗaure a yanke abin da ya yi saura na turken sama da igiya, don kada rassa su riƙa gugarsa.

Ta ina iskar ke fitowa? A ƙasar Hausa amsar ba ta da wuya. Hadarin da ke zuwa da guguwa a farkon damina da ƙarshenta daga gabas yake tasowa. Hunturu daga arewa maso gabas. Iskar damina mai ɗauke da laima daga kudu maso yamma. Duk suna bin kusan layi ɗaya ne, don haka turke biyu a sa ɗaya ta arewa ɗaya ta kudu, yadda iska za ta ratsa tsakaninsu bishiyar ta kaɗa ba ta bugi ko ɗaya ba. Turke ɗaya kuwa ta gabas ya kamata ya tsaya, domin guguwa ta tura bishiyar nesa da shi, ba ta haɗa su gwara ba.

Abin ɗauri ya zama mai faɗi da laushi. Robar cikin tayar keke ko ta babur da aka yanka da faɗin yatsa biyu ta fi komai, ga ta a wurin kowane mai faci. Tsumman atamfa ma ya yi, har yana da wata fa'ida: rana da ruwa za su cinye shi ko da mai shi ya manta. A gitta shi tsakanin bishiya da turke kamar lamba 8, a bar shi sako-sako yadda yatsa biyu za su shiga. Waya ba ta da wuri a nan, ko an zura ta cikin tiyo, domin nauyin yana nan a siririn layi ɗaya. Shi kansa turken a lura da icen da aka yi shi da shi. Busasshen ice mai laushi abincin gara ne, ga laimar ban ruwa na kiranta, kuma turare tun yana ƙarami gara ba ta raga masa. Ɗanyen reshen zogale ko ceɗiya ko dashi ko bini-da-zugu kuwa zai kama ya yi saiwa, a wayi gari mai gadi ya fi mai gida cin tuwo.

Sai babbar tambayar da ba a cika yi ba ranar dashe: yaushe za a cire? Turke kamar karan ɗori yake. Maɗori yana ɗaura shi ne da ranar kwancewa a ransa, kuma ƙafar da aka bari a ɗaure bayan ƙashi ya haɗe shanyewa take yi. Ga yawancin bishiyoyi lokacin girma ɗaya ya isa, shekara guda ke nan a mafi yawa. Manya ƙwarai ne kawai ke kaiwa shekara 2. Wadda ta wuce haka ba ta tsaya ba, ba ƙarin turke take nema ba, akwai abin da ya lalace a ƙarƙashin ƙasa.

Yanayinmu ya ba da tsari mai sauƙi. Ana dashe ne idan damina ta zauna, wajen watan Yuli, lokacin da guguwar farko ta wuce. A duba ɗaurin kowane wata a sassauta, domin a damina ne jiki ke kumbura. Da kaka, bayan hadarin ƙarshe, a kwance a sake gwajin hannu. Idan gindi ya kama a cire turken gaba ɗaya, hunturu ya karɓi aikin: iska ce mai naci amma ba mai tumɓuke bishiya ba, kuma akwai watanni kafin guguwar Mayu da Yuni. Wannan ya fi amfanar bishiyar da ake yi wa ban ruwa, tun da ita ce ke ci gaba da girma a rani har ta iya ƙara kauri. Idan gindi bai kama ba, a mayar da ɗaurin amma a sauke shi ƙasa da inda yake. Ranar da ba a so a kwance ita ce ranar da hadarin farko ya haɗo, bayan bishiya ta yi wata goma ba ta motsa ba.

Wasu tsirrai ba su shiga wannan lissafi. Dabino da giginya da kwakwa ba su ƙara kauri shekara-shekara kamar sauran itatuwa, kuma raunin da aka yi musu ba ya rufewa. Babban dabino da aka sauya wa wuri sai an tokare shi ta gefe uku har ya yi sabuwar saiwa, amma a naɗa masa buhu da katako a jiki tokarar ta dafa a kai, kada a buga masa ƙusa. Ayaba ba ta da itace ko kaɗan, gwafar da ake sa mata don nauyin nono ne. Gwanda takan faɗi idan ruwa ya kwanta mata a gindi saiwarta ta ruɓe, maganinta tudu da magudana. A gonakin tuffa na zamani kuma, inda ake aura ta a kan wani irin gindi mai suna M9 da aka tace a cibiyar East Malling ta Ingila don bishiya ta tsaya gajeriya ta yi 'ya'ya da wuri, ana barin turke ko waya har ƙarshen rayuwarta. Da gangan aka zaɓi saiwa mara ƙarfi, an kuma san kuɗin da za a biya.

Abin da ya fi damuna da turke shi ne yadda yake rufa wa mummunan dashe asiri. Dashen da ya daɗe a leda saiwarsa takan naɗe tana zagaye kanta. Idan ba a warware ta ba ko an yanke wadda ta murɗe, haka za ta ci gaba da zagaye a cikin rami, ko shekara nawa aka yi ba za ta bazu ba. Wani ma da ledar yake binnewa. Wani ya tona rami ƙunci mai zurfi ya nutsar da wuyan bishiyar, alhali rami mai faɗi ake so, wuyan kuma ya tsaya daidai inda yake a leda. Wani yana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kullum, saiwa ta zauna a sama tana jira, maimakon ya shayar da ita sosai a bar kwanaki ta bi laima zuwa ƙasa. Wani ya ɗura takin zamani, ganye ya yi yawa jiki bai yi ƙwari ba. Ga kuma al'adar sassabe duk ƙananan rassan ƙasa wai don bishiya ta yi tsawo, alhali su ne ke ciyar da gangar jikin ta yi kauri. A rage musu tsawo a bar su shekara ɗaya ko biyu ya fi. Duk waɗannan, bishiyar da ke ɗaure za ta tsaya kamar lafiya lau, sai ranar da aka kwance ko gara ta gama da turken.

A manyan ayyuka lissafin yana ƙara fitowa fili. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, magana ce ta miliyoyin dashe. Haka rabon dashen da jihohi da ƙungiyoyin matasa ke yi duk damina. Sanda dubu na nufin an sare reshe ko ƙaramar bishiya dubu a wani dajin, ga kuɗin igiya da na leburori, sannan ga buƙatar wanda zai dawo ya sassauta ya kwance, wanda shi ne ba a cika sa wa a kasafi ba. Wannan kuɗin da an zuba shi a shinge da ban ruwan rani na farko, da ya fi tsayar da bishiyoyi.

Wanda ya riga ya gaji bishiyar da ta shekara biyu ko uku a ɗaure, kada ya yanke igiyar rana ɗaya ya juya baya. Ya sauke ɗaurin mataki-mataki, ya ƙara masa sako-sako, idan kan ya yi nauyi ya rage wasu rassa don iska ta samu hanyar wucewa. Wayar da ta fara nutsewa a yanke ta a zare a hankali. Wadda ɓawo ya riga ya haɗiye, a datse ta a wurare biyu ko uku don ta daina shaƙewa, a yanke abin da ya fito waje, a bar sauran. Fizge ta zai yi ɓarnar da ta fi zamanta. Idan kuma bishiyar ta karye daga wurin ɗaurin, dogon yaro da turare da zogale za su sake toho daga kututture: a gyara yankan ya yi sumul, a jira tohon ya fito, a zaɓi mafi ƙarfi a cire sauran. Mangwaro mai aure ne sai an duba da kyau. In karayar tana sama da mahaɗa, irin da aka saya ne zai dawo. In tana ƙasa da ita, gindin ne zai fito da nasa irin, sai an nemo mai aure ya sake aura masa wani reshen.